Ranar da Na Buɗe wa Masu Mizmar Fili

A shekarata ta uku a Madina na koma zama a unguwar Ƙurban. Kafin nan a ɗakin kwanan ɗalibai nake, amma da aka kawo mini matata daga gida sai ya zama dole in nemi ɗaki a cikin gari. Wanda na samu na wani dattijo ne, tela, mai ɗinkin jallabiya a wani ɗan shago da ke hanyar masallacin Ƙuba. Iyayensa daga ƙasar Katsina suka taso da ƙafa za su aikin hajji, aka haife shi a hanya, ya iso Hijaz yana goye. Ɗan ƙasa ne da takardunsa, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda na ji a bakin kakannina. Ni Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, ko da yake ya haifi wanda ya girme ni.

Ina da wata ɗabi'a tun ina Zariya. In ina wanki ko guga, sai in riƙa rera tsofaffin waƙoƙin wa'azi da na koya a wurin mahaifina, irin masu tsawon nan da ake ja a hankali, masu maganar gushewar duniya da kwanciyar kabari. Wata Juma'a ina shanya a saman soro ina rera ɗaya daga ciki, sai na ji numfashin mutum a bayana. Baba ne ya hawo matakala, abin da ya daɗe bai yi ba saboda gwiwa. Ya zauna a kan wani tsohon gwangwanin mai.

"Ci gaba, Malam," ya ce.

Na ci gaba har na kai ƙarshe. Sai ya ce mahaifinsa yakan yi wannan waƙar in yana saƙar igiya, kuma tun da aka binne shi bai sake jin ta ba. Daga ranar, duk Juma'a bayan an ci abinci sai ya aiko a kira ni.

Da haka har bikin autansa ya taso. Shi autan nan direban tankar ruwa ne, saurayi mai fara'a wanda yake jin Hausa sarai amma in ka yi masa sai ya amsa da Larabci. Amaryar 'yar unguwar Harra ta Gabas ce, can za a yi taron maza, kuma abokan ango sun riga sun ɗauko masu mizmar.

Wanda bai zauna a Hijaz ba ba lallai ya san mizmar ba. Wasa ne na maza, da ganguna da tafi da dogayen sanduna. Akan yi da'ira, a hura wuta a tsakiya, mutum biyu su shiga suna juya sanda a sama suna zagaya juna, in sun fita wasu biyu su shiga. Ni a lokacin ban taɓa gani ba, labari kawai nake ji, kuma labarin da nake ji shi ne sau da yawa ba a tashi lafiya, musamman in samarin unguwa biyu sun haɗu. Shugaban waɗanda aka ɗauko mahauci ne a kasuwar dabbobi, shi ma jinin mutanenmu ne, kowa Mu'allim yake ce masa. An ce har daga garin Khaibar ake zuwa ɗaukarsa in an gama girbin dabino.

Ana saura 'yan kwanaki, Baba ya kira ni shagonsa. Bai ɗago daga keken ɗinki ba ya ce, "Malam, kafin yaran nan su fara kiɗansu, ina so ka tsaya ka yi mana waƙar nan. Tsofaffi za su zo. Akwai waɗanda rabonsu da jin irinta tun suna yara."

Na ce, "Baba, waƙar mutuwa ce. A wurin biki?"

"To ina ya fi dacewa a tuna wa mutum?"

Na ce masa samarin ba za su gane ba. Ya ce jininsu zai gane. Abin da ban iya faɗa masa ba shi ne ainihin abin da yake cin raina. A shekarun nan an ƙara tsanantawa a kan kiɗa da taruka, kuma mu ɗaliban jami'a baƙi ne da aka ɗauko domin karatun addini. Kowa a cikinmu ya san inda ya kamata a gan shi da inda bai kamata ba. Ana ta raɗe-raɗin wane an sallame shi, wane an sa shi a jirgi, ba wanda ya san gaskiyar dalili, amma raɗe-raɗin ya isa ya hana mutum sakewa. Ƙauyenmu kaf sun raka ni tasha ranar da zan taho. Ban san da wace fuska zan koma musu ba in babu shahada.

Matata ta ce kada in je. Ta ce in ce masa maƙogwarona ke ciwo. Amma mutumin nan shi ya nemo mota ya kai ta asibiti lokacin da ta yi ɓari ina wurin lacca, matarsa ce ta yi jinyarta kamar 'yar cikinta. Na kasa. Abin da na yi shi ne na roƙi wani abokina, ɗan Damagaram da muke aji ɗaya, ya raka ni. Ya fi ni daɗewa a garin, ya taɓa ganin mizmar daga nesa. A hanya ya ce mini, "Da ka gama, ka miƙa musu abin maganarsu mu fice. Kuma ko me za a yi, kada ka taɓa sandar kowa. Wanda ya ɗauki sanda ya amsa kira ke nan."

Bayan la'asar aka sa taron, domin Baba ya dage a watse kafin duhu. Fili ne a tsakiyar gidaje, ƙasarsa baƙin dutsen nan ne na Harra mai kaifi, an share tsakiya an zuba yashi. An shimfiɗa dardumai a gefe guda, tsofaffi na zaune ana zagaya musu da gahawa da dabino. An ɗaure lasifika a jikin wani dogon ƙarfe, an jona ta da batirin mota. Sauran filin kuwa samari ne, sun cika shi har kan katangu, kusan kowa da sandarsa mai tsawon mutum, wasu an shafe su da mai suna ƙyalli. Na lura wasu sun ware a ɓangaren yamma, sun yi ɗamara da rawunansu, ba sa gaisawa da kowa. Abokina ya ce 'yan wata unguwa ne, ba a gayyace su ba, labarin Mu'allim suka ji.

Shi Mu'allim yana tsugune a bakin wuta yana gasa fatar ganga, yana ɗan buga ta da yatsa yana saurare. Ban taɓa ganin mutum mai faɗin kafaɗa irinsa ba. Da Baba ya kai ni mu gaisa, ya dube ni daga hula har takalmi, ya dubi Baba, ya ce da Larabci, "Kada ya daɗe, kawu. Yaran nan tun azahar suke jira."

Babban ɗan Baba ya karɓi abin magana ya ce ga wani ustazu daga Nijeriya zai buɗe taro. Ya miƙo mini. Igiyar gajera ce, dole na tsaya a tsakiyar yashi kusa da ƙarfen, wuta tana bayana, ina jin zafinta a ƙeyata.

Na yi bisimilla na fara. Muryata ta fito daga lasifikar nan wata iri, siririya, tana rawa, ta bugi katangun ta dawo mini. Baitocin farko an yi tsit, har na fara tunanin ko Baba ya yi gaskiya. Ashe mamaki ne ya rufe musu baki. Wani daga kan katanga ya kwaikwayi yadda nake jan ƙarshen baiti, ya ja shi kamar kukan akuya, aka bushe da dariya. Na ci gaba. Wani ya tambaya da ƙarfi me nake cewa, wani mai jin Hausa ya amsa masa da Larabci cewa ina ce musu dukkansu za su mutu a sa su a rami. Dariyar ta sake tashi, amma wannan karon da gunaguni a cikinta.

Daga nan aka fara buga sanduna a ƙasa. Mutum ɗaya ya fara, sai goma, sai filin duka, a tare, a hankali, dum, dum, dum, har ina jin ƙasa na motsi a tafin ƙafata. "Halas, ya shekh," ake cewa. "Halas. Yalla, mizmar." Wato ya isa haka, a fara mizmar. Ƙwallon dabino ya same ni a kunci. Wani ƙwallon ya faɗa cikin aljihun gaban rigata.

Na dubi wajen tsofaffi don in sami wanda zai yi mini alamar in tsaya. Baba ya rufe ido, leɓunansa na bin baitin tare da ni. Na kusa da shi, wani tsoho mai farin gemu, ya sa gefen rawaninsa a fuska. Su ba sa jin sandunan ko kaɗan. Na rasa yadda zan yi in yanke waƙar a bakin mutumin nan. Sai na riƙa tsallake baitoci, ina sauri. Ina cikin wani baiti na ga Mu'allim ya miƙe ya ɗaga hannu.

Ban taɓa jin ƙara irin wadda ta biyo baya ba. Gangunan suka faɗo gaba ɗaya, manya da ƙanana, da tafin ɗaruruwan hannuwa, da wani amshi da suka ɗauka da murya ɗaya. Bakina na motsi amma ni kaina ba na jin abin da nake faɗa. Kafin in ankara, 'ya'yan tsofaffin sun janye iyayensu da dardumansu baya, samari sun matso daga kowane gefe, da'ira ta rufe. Na waiga ban ga abokina ba. Ni kaɗai ne a ciki, da wuta, da abin magana a hannuna.

Na ajiye shi a ƙasa, lasifika ta yi wani dogon ƙugi. Na nufi inda nake zaton Baba yake, amma babu ƙofa, kafaɗa ce a jikin kafaɗa, sanduna a tsaye kamar shinge, kuma ba mai kallona, duk idonsu na bayana. Na juya. Ɗaya daga cikin samarin yamma ne ya shigo, dogo, siriri, da tabo a haɓa. Yana tafe yana rangaji, sandarsa na juyawa a saman kansa har ba a ganinta sosai. Ya zagaya wuta, ya zagayo ni. Iskar sandar na taɓa kunnena. Wani daga cikin mutanensa ya jefo sanda ta faɗi a kan ƙafafuna.

Na tuna maganar abokina. Na haɗa hannuwana a ƙirji, na tsaya kamar mai salla, ina kallon ƙasa. Abin da nake karantawa a zuciyata a lokacin ban iya tuna shi yanzu. Na dai san na ga yatsun ƙafarsa sun tsaya a gabana, sun yi fari da yashi. Sai na ji an ɗauke hulata. Da bakin sanda ya tsince ta, a hankali, bai ko taɓa gashina ba, ya ɗaga ta sama yana juyawa, mutanensa suna shewa, sannan ya wurga ta cikin wuta.

Daga baya aka bayyana mini cewa ba ni ya yi wa ba. Ni baƙon masu biki ne, wanda ya cire mini hula a filinsu su ya cire wa. Wani abokin ango, gajere kakkaura, ya faɗo cikin da'irar. Ba rawa ya shigo yi ba. Sandunan suka haɗu sau biyu da ƙara kamar ana fasa itace, a na uku na dogon ta sauka a gefen kan gajeren. Na ji sautin. Ya durƙusa, ya dafa yashi, jini ya biyo kunnensa ya sauka a kan farar rigarsa. Gangunan suka yi ta yi na ɗan lokaci, kamar ba su sani ba, sannan suka watse ɗaya bayan ɗaya, da'irar ta karye ta zubo ciki.

An ture ni na faɗi, wani ya taka mini hannu. Ina ƙoƙarin tashi na ji an damƙi wuyan rigata ta baya an ɗaga ni sama ɗungurungum. Mu'allim ne. Ya ratsa da ni cikin mutane yana ture su da kafaɗa, sanda ta sauka a bayansa bai ko waiga ba, ya kai ni bakin wani lungu ya sake ni. Kalma ɗaya ya faɗa, kuma ita kaɗai ce Hausar da na taɓa ji a bakinsa.

"Gudu."

Na gudu. Ban san Harra ba, lungunanta kuma duk kama ɗaya suke, baƙaƙen katangu da ƙananan ƙofofi. Takalmina ɗaya ya fita tun a fili, ɗayan na yar da shi don yana hana ni sauri, duwatsun nan suka yi ta yanka mini ƙafa. Sai na ji jiniyar motar 'yan sanda, ta farko daga nesa, ta biyu kamar a lungun da ke gabana. Na shafa aljihu. Iƙamata, takardar izinin zamana, tana cikin rigar da na cire a gida. Baƙo, ba takarda, ba hula, ba takalmi, da jinin wani a hannun riga, yana gudu daga wurin kiɗa. Na tsaya na jingina da bango.

Wata ƙofa ta buɗe kaɗan a gefena. Muryar tsohuwa ta ce, "Kai mai waƙa. Shigo."

Hausarta irin ta mutanen Chadi ce. 'Yar ƙaramar mace ce, ta tsufa ƙwarai, ta ja ni ta hannun riga ta wuce da ni ta tsakar gida zuwa wani ɗan ɗaki da take ajiye buhunan gawayi da abincin awaki. Ta ce in zauna, ta jawo ƙofa. Ina zaune a cikin duhun ɗakin ina jin gudu a lungu, da muryoyi, da wani yana ba da umarni da Larabci. An buga ƙofar maƙwabta. Na sa hannu na toshe bakina, ina tsoron a ji numfashina. Ba a buga tata ba.

Da aka yi shiru ta dawo da ruwa a kwano da tsumma da gishiri. Ta ce in miƙo ƙafa. Na ce, "Inna, bari in yi da kaina." Ta ce in yi mata shiru. Tana wankewa tana cire ƙananan duwatsu ta ce, "Muna kan soro, mu mata, mun ji ka. Har na yi hawaye. Amma wanda ya tsayar da kai a gaban yaran nan bai yi maka adalci ba, ɗana. Wanda ya zo jin ganga ba ya jin komai sai ganga."

Aka kira magariba. Na yi salla a kan buhu, a zaune. Ta ba ni wasu tsofaffin takalma na mijinta da ya rasu, sun yi mini yawa, ta ba ni hula, ta sa na wanke hannun rigata. Ta kwatanta mini hanyar da zan bi in fita babban titi ba tare da na koma ta filin ba. Ban tambayi sunanta ba, ita ma ba ta tambayi nawa ba. Na yi ta neman gidan daga baya, ban gane ƙofar ba.

Na tarar da matata a tsaye a bayan ƙofa da mayafinta, labari ya riga ni isowa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta dubi takalman da ke ƙafata, ta shiga ta ɗora ruwan zafi.

Abokina bai dawo ba. An kwashe shi tare da waɗanda aka samu a filin. Kwanakin da ya yi a hannu ban runtsa da kirki ba, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in tashi in leƙa. Baba da manyan unguwa suka yi ta zirga-zirga har aka sake shi, da shaidar cewa ɗan kallo ne. Da na je ganinsa ya rame, ya ce an tambaye shi wane ne ya yi magana a lasifika kafin kiɗa, ya ce shi bai san shi ba, wani tsoho ne daga cikin baƙi. Ya ce, "Na yi ƙarya saboda kai, Allah Ya yafe mini. Kada ka sake neman rakiyata." Ya yi dariya da ya faɗa, amma bai sake zuwa gidana ba sai bayan watanni.

Baba ya hawo har ɗakina, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama. Ya ce, "Malam, na cuce ka. Na ɗauka abin da ke cikin kunnena yana cikin nasu." Na ce ba komai, Baba. Ya ce in shirya mu je duba yaron da aka fasa wa kai.

Mun same shi a gidansu a kwance, an naɗe kan da bandeji, kunnensa na hagu an ce ba lallai ya sake ji da shi ba. Na yi masa sannu da Hausa, na yi masa godiya. Ya amsa da Larabci, ya ce kada in ɗora wa kaina, shi da dogon nan sun daɗe suna neman juna, ko ba ni ba sai sun haɗu. Sannan ya ce shi bai ji komai daga waƙar ba saboda hayaniya, me take cewa ne? Na faɗa masa a taƙaice. Ya dubi rufi, ya ce, "Wallahi, ya ustaz, saura kaɗan ka yi gaskiya a kaina." Mahaifiyarsa daga bayan labule ta ce ya daina irin wannan magana.

Na ɗauka abin ya wuce. Sai wata rana ina tafe kusa da kasuwar dabino, wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a gefena, rediyonta a buɗe. Na ji wata siririyar murya tana jan baiti, ana buga sanduna a bayanta. Na yi taku biyu kafin na gane tawa ce. Ashe wani ya ɗauki taron a kaset tun daga farko, kuma saboda faɗan kaset ɗin ya yi farin jini, ana ta kwafa ana ba juna. Har gabatarwar babban ɗan Baba tana ciki, ustazu daga Nijeriya. Direban yana dariya yana mayar da wurin da aka yi kukan akuya.

Daga ranar tsoron ya sauya kama. Na farko mai gudu ne, wannan kuwa mai zama ne. In aka buɗe ƙofar aji ana tsakiyar darasi, sai alƙalami ya faɗi daga hannuna. In malami ya ce in karanta, sai in ƙanƙantar da murya in sauya ta, har wani ya tambaye ni ko mura nake. Na daina limanci a masallacin lungunmu. Na daina rera komai, ko a wurin wanki. Baba ya lura, bai sake aikowa ranar Juma'a ba.

Akwai wani malaminmu ɗan Sakkwato, babban mutum, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar, mu 'yan gida duk shi ne ubanmu a can. Wata rana bayan la'asar a Harami, ina neman takalmina, na ji an dafa kafaɗata. Ya ce in taka masa. Muka yi tafiya mai ɗan nisa.

"Ɗana ya shigo mini da wani kaset gida," ya ce. "Na karɓe na fasa. Amma kafin in fasa na saurara."

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam."

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Ka san za a yi kiɗa a wurin?"

"Na sani."

"Ka taɓa ganga, ko sanda?"

Na ce a'a. Na ba shi labarin Baba, da mahaifinsa mai saƙar igiya, da asibiti. Ya saurara har na gama. Ya ce abin da na faɗa a waƙar babu ƙarya a ciki, amma magana tana da wurinta, kuma ni ba yaro ba ne. Ya ce daga bakinsa ba wanda zai ji. "Sai dai ban san kunne nawa ya shiga ba, ban kuma san wanda zai gane muryar ba. Wannan ba a hannuna yake ba. Ka yi karatunka, ka riƙe addu'a." Ya miƙo mini hannu muka yi sallama, ya shige cikin mutane.

Haka na ƙarasa shekara da wani abu. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya ce mini komai, amma ban yini ɗaya ban jira kiran ba. An hana Mu'allim wasa na wani lokaci, na ji an ce daga baya ya koma yi a gonakin bayan gari. Dogon saurayin ya yi zaman gidan yari, danginsa suka je suka ba da haƙuri aka sasanta. Auren autan Baba ya yi albarka, kafin in bar garin an yi suna.

Na ci jarrabawa, na karɓi shahadata. Ranar da na je a buga mini izinin fita, ma'aikacin ya karɓi fasfona da na matata, ya buɗe nawa, ya dube ni, ya sake duban hoton. Ya tashi ya shiga wani ɗaki da shi. Na tsaya a gaban tagar ina kallon ƙofar ɗakin, ina tunanin yadda zan gaya wa matata da ke zaune a benci da jaririyarmu. Ya daɗe. Da ya fito yana tafe yana taunar wani abu, da kofin shayi a ɗaya hannun. Ya zauna, ya buga hatimi a duka biyun, ya turo mini su ba tare da ya ɗago ba, ya kira na bayana.

A cikin tasi matata ta ce in ba ta fasfunan ta adana a jakarta. Na ba ta. Muka biya ta kasuwa ta sayi dabino da turare na tsaraba, ni ina zaune a mota da yarinyar a cinyata.